Jarrabawa ta Uku

Ƙarfe biyun dare, ɗakin haihuwa ya yi tsit,
sai firjin rigakafi da ke gunaguni shi kaɗai,
sai kwaɗin fadama da suka karɓi aikin maigadi.
Na ja benci kusa da fitilar sola,
na buɗe littafin da Sista Kuluwa ta bar mini
ranar da aka ɗauke ta zuwa Dutse.
Shafi na ɗari da sha bakwai, inda man ja ya ɗiga,
inda zubar jini ke da dalilai huɗu,
alhali a garinmu sunansa ɗaya: a nemo mota.

Sau biyu na zauna jarrabawar nan.
Ta farko ina goye da Sagiru, jikinsa zau da zazzaɓi.
Ta biyu ba ni da abin fakewa, faɗuwa na yi.
Na sauko daga motar Haɗeja na ce wa mutan gida
sakamako bai fito ba tukuna.
Ƙaryar ta yi fure kwana tara, ba ta yi 'ya'ya ba.

Iya Dudu ce ta fara ganewa,
ita da ke yanke cibi tun ba a aza tubalin ginin nan ba,
ko bihim ba ta sani ba a boko.
Ta ce, Tabawa, tukunyar da ta fashe a wuta
ita ke koya wa maginiya halin yumɓu.
Ta kama hannuna ta ɗora a cikin Hansai:
ba da yatsa ba, da tafi, ki bi a hankali.
Nan kai ne. Nan ma kai ne.
Na ce, Iya, igiyar awona ba ta ce haka ba.
Ta ce, igiyarki tsawo ta sani, ba ta ƙirga kawuna.
Aka kai Hansai hoton ciki. Biyu ne.
Ni kuma na nuna mata yadda jini ke hawa a ɓoye;
yanzu in mai ciki ta kumbura, kai na sara,
ba ta jiƙa saiwa, jikanta take turowa a keke.

Bana ruwa ya cinye hanyar Auyo.
Muka sa Uwale a kwalekwale, kacala na marin fuskokinmu,
na riƙe ledar ƙarin ruwa sama da kaina
har kafaɗa ta mutu, na sauya hannu, ita ma ta mutu.
Ina ta karanto shafin nan da ka, da ƙarfi,
mai fito ya ɗauka addu'a ce, yana ta amin.
Ban gyara masa ba.
Uwale tana nan. Shekaranjiya ta aiko da bandar tarwaɗa.

Baban Sagiru ya bar tambayar yaushe karatu zai ƙare.
In ina aikin dare shi ke dama kokon yara,
da gudaji, amma suna sha.

An turo mini ɗaliba, Ladidi,
hannunta na ɓari in ta ga jijiya.
Na naɗe hannun rigata na miƙa mata nawa.
Ta kuskure, ta kuskure, idonta ya ciko,
a na uku jini ya leƙo cikin allura.
Na ce, kin gani? Ni ma na ukun nake jira.

Saura kwana goma sha ɗaya.
Ban san me masu tambaya suka dafa mini ba,
ban kuma yi wa kowa alkawari ba wannan karon.

Ga hasken babur yana lasar katanga,
ga muryar namiji tana sallama a gigice.
Na sa zaren ɗaure cibi a tsakiyar littafi, na rufe.
Ladidi, tashi ki wanke hannu,
ke za ki karɓi wannan, ina tsaye a bayanki.